Binciken Ƙiyayyar Yahudawa: Ina Ruwan Ɗan Kasuwa?

Duk wanda ke saro kaya daga Malanbil ko Kamba ya kawo Gaya da Karakara ya san cewa da zarar ya tsallake iyaka, sunansa baƙo. To, akwai jami'o'in da ke biyan ɗalibai kuɗi domin su binciki yadda ake ƙulla wa baƙo ƙiyayya, musamman Yahudawa.

A shekarar 1982 wani mai gyaran gashi ɗan Ingila, Vidal Sassoon, ya ba da kuɗin kafa cibiyar irin wannan nazari a Jami'ar Ibraniyawa ta Birnin Ƙudus. A shekarar ce kuma Jami'ar Fasaha ta Balin a Jamus ta buɗe tata. Ɗalibi kan gabatar da tsarin bincikensa, malamai su tantance, in ya dace a ɗauki nauyinsa.

Wani zai ce, ina ruwanmu? Ai kuwa labarin ya biyo ta hanyar fatakenmu. A Tuwat, wani zangon ayari cikin saharar Aljeriya ta yau, Yahudawa sun daɗe suna kasuwanci. Wajen 1492 Shehu Almagili ya ba da fatawar rushe wurin ibadarsu, alƙalin yankin, Al-Asnuni, ya saɓa masa. Daga ƙarshe aka rushe, aka kashe wasu, sauran suka watse. Almagilin nan shi ne wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Farfesa John Hunwick, wanda ya koyar a Ibadan, ya fitar da littafi a kan lamarin a 2006.

Abin da irin wannan bincike ke nunawa mun san shi a jikinmu: idan rayuwa ta yi tsada, baƙon ɗan kasuwa ake fara nuna wa yatsa, a ce shi ya ɓoye kaya. A 1969 gwamnatin Busia a Ghana ta ba baƙi marasa takardu makonni biyu su fice, Hausawa da dama suka karyar da hajarsu. A 1983 Nijeriya ta yi irin haka ga 'yan Ghana da 'yan Nijar.

Sukar gwamnatin Isra'ila kan Falasɗinawa daban, ƙin mutum saboda addininsa ko asalinsa daban. Don haka muna kira ga iyaye masu 'ya'ya a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da su ƙarfafa musu gwiwa su nemi irin wannan tallafi, su rubuta tarihin baƙunta a kasuwanninmu da hannunsu. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.