Dabarar Killace Hoto Tana Rage Asarar Masu Sana'ar Bidiyo A Jos

JOS — Daga cikin asarorin da ke ci wa masu shirya finafinai da tallace-tallacen bidiyo tuwo a ƙwarya, babu kamar a kammala ɗaukar hoto, a sallami 'yan wasa, a mayar da kayan haya, sa'an nan a gano cewa wani abu ya fito a hoton wanda bai kamata ya fito ba. Wani lokaci allon tallan wani kamfani ne, wani lokaci fuskar mai wucewa ce ko lambar mota.

A da, mafita biyu ce kawai: ko a yanke fitowar baki ɗaya, ko a sake ɗaukarta. Sake ɗauka kuwa yana nufin sabon kuɗin hayar kyamara, man janareta, sufuri, abinci da sallamar ma'aikata. Amma yanzu masu tace hoton bidiyo a unguwanni irin su Ali Kazaure, cikin ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, suna da mafita ta uku, wato killace wani sashe na hoton a yi masa gyara shi kaɗai, dabarar da editoci ke kira maskin.

Yadda aikin yake shi ne, edita zai zana da'ira ko murabba'i, ko ya bi siffar abin da hannu, sa'an nan ya umurci kwamfuta da ta tsayar da gyaran a cikin wannan iyaka. Ta haka ana iya dusashe fuska ɗaya a bar sauran jama'a garau, ko a ƙara wa fuskar amarya haske ba tare da farar rigar ango ta ƙone ba. Ana kuma iya juya umurnin, gyaran ya shafi ko'ina ban da wurin da aka kewaye. Galibi akan sassauta gefen zanen domin kada ido ya gane inda gyara ya fara.

Wahalar tana zuwa ne idan abin yana motsi. Bidiyon da ake amfani da shi a talabijin ɗin Nijeriya yana ɗauke da hotuna 25 a kowace daƙiƙa, ke nan fitowar minti ɗaya hotuna 1,500 ce, kuma tilas zanen ya bi abin a cikin kowannensu. A shekarar 2014 kamfanin Adobe ya sanya wa manhajarsa ta Premiere Pro hanyar killacewa mai bin motsi da kanta. Manhajar DaVinci Resolve, wadda take da samfurin kyauta, ita ma tana yin wannan aiki, haka nan CapCut tana da nata sauƙaƙan a wayar hannu.

Dabarar dai ba sabuwa ba ce. Tun a shekarar 1898 Bafaranshen nan Georges Méliès ya yi amfani da rufe wani sashe na hoto, ya sake ɗauka a kan fim ɗin, har kawunansa da dama suka bayyana a fitowa ɗaya. Abin da ya sauya shi ne tsada, domin aikin da a da sai babban ɗakin wanke fim, yau yana yiwuwa a ƙaramin shago.

Garin Jos yana da gata ta wannan fuska. Nan ne Hukumar Shirya Finafinai ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1979, ta yi mazauni, nan ne kuma aka buɗe Cibiyar Koyar da Aikin Fim ta Ƙasa a 1995, ga kuma Kwalejin Talabijin ta NTA. Saboda haka mai neman koyon sana'ar ba sai ya yi doguwar tafiya ba.

Bugu da ƙari, doka ta ƙara wa wannan ƙwarewa daraja. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa masu talla ƙara hattara da nuna mutumin da bai ba da izini ba, yayin da a 2024 Hukumar Tace Finafinai ta Ƙasa ta fito da ƙa'idojin hana tallata taba a finafinai. Kwalin taba guda da aka manta a kan tebur yana iya jawo wa fim tsaiko, alhali edita zai iya dusashe shi.

Sai dai dabarar tana da iyaka. Ba ta dawo da abin da kyamara ba ta ɗauka ba, kuma idan hoton yana rawa ko duhu ya yi yawa, manhaja takan ɓace wa abin da take bi, sai edita ya koma gyara hoto ɗaya bayan ɗaya. Haka nan dusashewa mara ƙarfi ba ta ɓoye mutum ga wanda ya san shi.

Don haka ya kamata ɗan kasuwar da zai ba da aikin talla ya daidaita da edita tun farko a kan kuɗin killacewa, bisa yawan daƙiƙoƙin da za a gyara, ya kuma nemi a kafa kyamara a kan ƙafarta, a duba abin da ke bayan 'yan wasa kafin a fara ɗauka. Mintin da aka ɓata wajen kawar da allo a wurin ɗauka ya fi arha a kan yinin da edita zai kwashe yana bin sa.