Tseren Zagaye Biyu da Samarin Bakin Iyaka

Duk wanda ya san hanyar da ta tashi daga Katsina ta nufi Jibiya, ta ratsa Magama ta faɗa ƙasar Nijar ta wajen Ɗan Isa har ta dangana da Maraɗi, ya san irin samarin da Mazanya ta yankin Jibiya da ƙauyukan da ke maƙwabtaka da ita suke haifa: dogaye, marasa teɓa, masu siririn ƙwauri, waɗanda tun suna ƙanana ƙafa ce abin hawansu, ko zuwa gona, ko bin bisashe kiwo, ko kai kaya kasuwar Jibiya ran Lahadi. Irin wannan ƙirar jiki ita ce masana wasannin guje-guje suke cigiya domin wani nau'in tsere da ake kira na matsakaicin zango, wanda 'yan Afirka suka daɗe suna riƙe da tutarsa a duniya, amma mu a ƙasar Hausa da wuya a sami wanda ya san ƙa'idarsa, balle ya yi tunanin ɗansa zai iya shiga.

Filin da ake tseren a kansa kewaye ne mai tsawon mita 400. Tseren mita 800 zagaye biyu ke nan, na mita 1500 kuwa zagaye huɗu ba rubu'i. A gasar duniya, wadda aka fara a Helsinki ta ƙasar Finlan a 1983, da kuma wasannin Olamfik, ba a kai wa ga karon ƙarshe sai an bi ta matakan tankaɗe da rairaya, a yi karon farko, a yi na kusa da ƙarshe, duk a cikin 'yan kwanaki, ta yadda wanda ya zubar da ƙarfinsa tun ranar farko ba zai sami abin da zai fitar ba a ranar da ake rabon lambobi.

Wahalar wannan tsere tana cikin kasancewarsa a tsakiya. Mai gudun mita 100 yana gamawa kafin jikinsa ya nemi iska, mai dogon zango kuwa yana tafiya ne gwargwadon abin da huhunsa yake kawowa. Amma mai zagaye biyu, gudun da ake bukata gare shi ya fi ƙarfin iskar da yake shaƙa, saboda haka tsokarsa takan ci bashi, wani tsami ya riƙa taruwa a cikinta, har idan aka kaɗa ƙararrawar zagayen ƙarshe, aka zo kwanar da ta rage mita 200, sai ƙafafu su yi nauyi, numfashi ya sarƙe, alhali a daidai lokacin ne ake son mutum ya ƙara wuta. Katsinawa, waɗanda suka gaji sukuwa da folo tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko da ɗansa Usman Nagogo, sun fi kowa sanin cewa mahayin da ya sakar wa doki linzami tun daga fari ba shi yake zuwa na ɗaya ba. To a nan mutum shi ne dokin, shi ne kuma mahayin.

Saboda haka hikima da dabara suna da rabo babba. A tarukan da ake neman kafa tarihi akan ɗauki wani mai gudu a biya shi ya ja ragama zagaye ɗaya ko biyu sannan ya fice, amma a gasar duniya da Olamfik babu wannan, kowa ta kansa yake yi. Wani lokaci sai a ga mazaje goma sha biyu suna tafiya a dunƙule, kowa yana tsoron ya wuce gaba ya sha iska a madadin sauran, kowa kuma yana tsoron a rufe shi ta ciki ya rasa mafita. Haka aka yi a Olamfik ɗin Riyo a 2016, inda Ba'amurke Matthew Centrowitz ya ci mita 1500 a minti 3 da daƙiƙa 50, lokacin da tun 1932 ba a ci zinariyar Olamfik da mai jinkiri irinsa ba. Kishiyar wannan ita ce abin da David Rudisha, Bamasaye ɗan Kenya, ya yi a Olamfik ɗin Landan ran 9 ga Agusta 2012: ya kama gaba tun daga farko, ya cinye zagayen fari a ƙasa da daƙiƙa 50, bai waiwaya ba har ya tsallake layi a minti 1 da daƙiƙa 40.91. A ganina ba a taɓa yin tseren zagaye biyu mai kyawun wannan ba, domin ya bayyana niyyarsa a fili, ya ce wanda ya iya ya biyo, aka kuwa rasa.

A mita 1500 kuwa, sarautar ta daɗe a hannun 'yan'uwanmu na Magrib. Nuruddin Morceli na Aljeriya ya ci gasar duniya a 1991 da 1993 da 1995, sannan Hisham El Guerrouj na Maroko ya karɓa, ya ci sau huɗu a jere daga 1997 zuwa 2003, ya kuma yi minti 3 da daƙiƙa 26 cif a birnin Rum a watan Yuli na 1998. Ƙissarsa abar lura ce ga mai neman darasin haƙuri: ya faɗi ƙasa ana tsakiyar tseren ƙarshe a Olamfik ɗin Atlanta a 1996, Noah Ngeny na Kenya ya wuce shi dab da layi a na Sidni a 2000, sai a na Atina a 2004 Allah Ya cika masa burinsa, ya haɗa zinariyar mita 1500 da ta 5000.

Hujjar da aka saba kawowa idan an tambayi dalilin rashinmu a wannan fage ita ce tudu. Gaskiya ne garin Iten na Kenya, inda Rudisha ya sami horo a hannun wani malamin mishan ɗan Ailan mai suna Colm O'Connell, ya kai wajen mita 2400 bisa teku, kuma zama a irin wannan wuri yana ƙara wa jini ikon ɗaukar iska, alhali ƙasar Katsina ba ta wuce mita 500 da wani abu ba. Amma wannan hujja ta fi ƙarfi a dogon zango, kuma Sudan ta raunana ta. Ƙasa ce ta rairayi da zafin rana irin tamu, amma Isma'il Ahmad Isma'il ya ciwo mata azurfar mita 800 a Beijin a 2008, lambarta ta farko a tarihin Olamfik, Abubakar Kaki kuma ya ci gasar duniya ta cikin ɗaki a 2008 da 2010, ya zo na biyu bayan Rudisha a gasar duniya ta Daegu a 2011. Ko a nan gida, Ado Maude ya wakilci Nijeriya a mita 800 a Olamfik ɗin Seoul a 1988, kuma lokacin da ya kafa wa ƙasa ya shafe fiye da shekara ashirin kafin Edose Ibadin ya karya shi. Wannan daɗewa shaida ce ga bajintar Ado, shaida ce kuma ga sakacinmu, domin hankalin hukumomin wasanni ya tattara ne ga gajeren zango da ƙwallon ƙafa.

Kada kuma wani uba ya ɗauka tsere lagawu ne da bai dace da ɗan Musulmi ba. Malaman fiƙihu sun buɗe babi a kan musabaƙa, kuma ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha, kamar yadda littattafan sira suka ambaci sahabi Salamatu ɗan Akwa'u da saurin ƙafa.

Abin da Kenya da Maroko suka fi mu da shi, bayan tudu, shi ne awo. Yaro ba zai san baiwar da Allah Ya yi masa ba sai an tsayar da shi a layi, an riƙe agogo, an rubuta lokacinsa, an sake gwada shi bayan wata uku. Wannan kuwa ba ya bukatar dukiya mai yawa. Igiyar awo ta isa a shata mita 400 a filin makarantar firamare da rani bayan an kawar da amfanin gona, agogon da ke lissafa daƙiƙa kuma yana cikin kowace wayar hannu. Na san halin da ƙauyukan Jibiya suke ciki na fargabar 'yan bindiga, wanda ya tashi garuruwa ya rufe makarantu, kuma ba zan ce wa kowa ya tura ɗansa gudu cikin daji da asuba ba. Sai dai zagaye biyu a tsakiyar gari ake yin sa, a idon iyaye. Idan malaman wasanni na makarantun Jibiya suka riƙa haɗa yaransu sau ɗaya a zangon karatu, aka gayyato takwarorinsu na Ɗan Isa da Madarumfa, waɗanda harshe ɗaya da jini ɗaya suka haɗa mu, to duk ɗan shekara goma sha shida da ya yi zagaye biyu a kan turɓaya cikin minti biyu ko kusa da haka ya cancanci a kai shi filin wasa na Muhammadu Dikko a Katsina, a sa masa takalmi mai ƙusa, a danƙa shi ga mai horarwa.