Libarbar Baffa: da na sani ƙeya ce

A wannan wata za mu yi magana a kan bindigogin da ke ɓoye cikin ɗakunanmu na karkara. Bari in fara da labarin baffana, ƙanen mahaifina, Allah ya jiƙan shi. Ya rabu da tasa bindiga a shekara ta 1984, kuma bai daina nadama ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

Baffa yana cikin mazan jiya. Ya yi sojan Faransa, an kai shi yaƙin Indoshin wanda ya ƙare a 1954. Da ya gama aiki sai ya komo ƙauyenmu, kudu da Maraɗi, da lambar yabo, da akwatin ƙarfe, da ƙaramar bindiga wadda ake kira libarba. Wani hafsa ne ya ba shi ita kyauta, kuma yana da takardar izini daga bariki.

Libarbar nan samfurin 1892 ce, ƙirar gidan makamai na Santetiyen a Faransa. An ƙera wajen 350.000 irinta kafin a daina a 1924. Tana cin harsashi 6 mai kaurin milimita 8, nauyinta bai kai kilo guda ba. Gidan harsashinta wajen dama yake buɗewa, alhali yawancin irin waɗannan bindigogi hagu suke buɗewa. A gindinta akwai zobe na ɗaura igiya. Duk Juma'a Baffa yakan fiddo ta, ya shafe ta da man keken ɗinki, ya naɗe ta cikin tsumma, ya mayar akwati. Tun da ya komo gida bai taɓa ɗana ta ga ɗan Adam ba. Mu yara daga nesa muke kallo.

Sai ga shekarar El Buhari. Damanar 1984 ba ta yi ba, hatsi ya bushe tun bai fidda kai ba, bisashe suna faɗuwa. Ga shi Najeriya ta rufe iyakarta tun watan Afrilu na wannan shekara, ba ta buɗe ba sai 1986. Gidanmu mutum 14 ne. An saida awaki, an saida keke, an saida tasoshin mata. Da rumbu ya ƙare ƙaf, Baffa ya sa libarba cikin aljihun riga, ya tafi kasuwa. Da almuru ya komo da buhu biyu na hatsi bisa jaki. Wanda ya saya baƙo ne, ɗan fasa-ƙwabri. Baffa bai tambayi sunansa ba, bai tambayi garinsu ba.

Mun ci, mun rayu. Babu wanda ya zarge shi, don yunwa ba ta san doka ba. Da farko mun zaci kewar ƙarfen ce ke damun shi, gama Juma'a in ta zo yakan buɗe akwati ya zura ma tsumman ido. Daga baya muka gane ba nan ciwon yake ba. Duk lokacin da Muryar Sahel ta ce ɓarayi sun tare hanya sun harbi wani, sai Baffa ya ture akushi. Wata rana na ce masa: «Baffa, ai harsashinta ya yi wuyar samu, wa zai yi aiki da ita?» Ya ce: «Ɗana, wanda aka nuna ma bindiga cikin dare ba ya tambaya ko da harsashi. Takarda tana nan da sunana, bindiga tana hannun wanda ban sani ba.»

Ran 25 ga Satumba na 2000, a Agadas, aka kunna Wutar Zaman Lafiya. An tara bindigogi fiye da 1.000 na tsofaffin ƴan tawaye aka ƙone su gaban jama'a, bayan sulhun 24 ga Afrilu na 1995. Baffa ya ji labarin a rediyo, yana kwance ba lafiya. Ya ce da tasa tana cikin wannan wuta, da ya yi barci mai daɗi. Bai ga wata damana ba.

Ƴan uwa, abin da Baffa ya ji tsoro mun gan shi da idonmu. A 2019 dubban mutane daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina suka gudo yankunan Gidan Rumji da Madarunfa saboda ƴan bindiga. Satar shanu da sace mutane don kuɗin fansa sun tsallako har gonakinmu. Kowace bindiga da ke hannun mugu, akwai ranar da ta fita daga hannun wani. Bindiga ba goro ba ce da ke ruɓewa. Wadda aka ƙera tun zamanin kakanni, in an shafa mata mai, yau ma tana kisa.

Saboda haka ga gargaɗi. Wanda ya gaji bindiga, ya tuna takardar izini sunan mutum guda take ɗauke da shi. Wanda ke son rabuwa da ita, kada ya nufi kasuwa, kada ya ba baƙo. Ya sami mai gari ko sarki, su raka shi wurin jandarmomi, ya miƙa ta, ya karɓi takardar shaida. Tun 1994 gwamnati ta kafa hukumar tattara makaman da ba su bisa ƙa'ida. Kuma mu riƙe bankunan hatsi na ƙauyukanmu da amana, don kada yunwa ta sake tura wani magidanci inda ta tura Baffa.

Akwatin ƙarfen yana ɗakina har yau, da tsumman da takardar. Allah ya ba mu damana mai albarka da zaman lafiya, amin.