Ƙungiyoyin Watari: a aljihun wa littafin suna yake?

Tun da gwamnatin Trump ta dakatar da tallafin ƙasashen waje ranar 20 ga Janairun 2025, aka kuma rufe hukumar USAID a farkon Yuli, hankalin shugabannin ƙungiyoyi masu zaman kansu a Kano ya tashi. Wanda duk ka taɓa, kukan kuɗi yake. A ganina tsayawar kuɗin tona asiri kawai ta yi. Ciwon ya daɗe, kuma a shugabanci yake.

A leƙa Watari. Ba kuɗin Amurka ne ke riƙe da noman rani a bakin wannan dam na Bagwai ba. Babban aikin da ya shigo a 'yan shekarun nan shi ne KSADP, shirin noma da kiwo na dala miliyan 95, wanda Bankin Raya Ƙasashen Musulunci da asusun Lives and Livelihoods suka ɗauki mafi yawan nauyinsa, ƙungiyar Sasakawa kuma ta riƙe koyar da manoma. An taɓa hanyoyin ruwa, an kawo iri, ba mai musun wannan. Amma shiri ne mai wa'adi, kamar duk waɗanda suka gabace shi tun zamanin da Bankin Duniya ke tallafa wa hukumar noma ta jihar, KNARDA. Kowane shiri ya zo, ƙungiyoyi su tsiro. Ya tafi, galibinsu su bi shi.

Dalilin yana cikin yadda ake haihuwarsu. Labari ya iso cewa za a raba taki ko injin ban ruwa, amma sai ta hannun ƙungiya. Ana son takardar rajista, asusun banki, lambar BVN, da wanda zai amsa waya ya cika fom da Turanci. Wa ke da waɗannan a ƙauye? Malamin makaranta mai ritaya, ɗan mai unguwa, ko dillalin takin kansa. Kafin la'asar ya zama ciyaman, ƙaninsa sakatare, littafin suna yana aljihun babbar rigarsa. Ba wanda ya zaɓe shi, don haka ba wanda zai iya sauke shi. Mambobi ba su zuba ko sisi ba, to da wane baki za su ce a buɗe lissafi? Hisabinsa yana can ofis a Kano, kuma ofis hoto da rahoto yake nema. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Daga nan wariyar take farawa, ba tare da kowa ya yi niyyar mugunta ba. Zama mamba a ƙungiyar masu amfani da ruwa galibi yana bin mallakar gona. Wanda ya karɓi haya ko jingina, shi ke shiga taɓo da asuba, amma sunan mai gonar ke rubuce, ko da mai gonar yana zaune a birni. Manomin da ke ƙarshen kwalbati, wanda ruwa ke isar masa bayan kowa ya ƙoshi, shi ya fi kowa buƙatar kujera a kwamiti, kuma da wuya ka same shi a can. Bafulatanin da ke shayar da shanu a bakin dam ba a tuna shi sai ranar da aka yi ɓarna.

Mata kuwa suna cikin rahoto, tsaf. Idan an ce a sa mata, sai a rubuta matan ciyaman da ƙannensa, a ɗauki hoto da hijabai a layin gaba. Matar da ke turara shinkafa a tukunyar rabin duro, ta shanya a tsakar gida, ta aiki yaro kasuwa da ita, ba a tambaye ta komai ba. Ga gonar gadonta tana hannun yayanta, shi ne mamba. Abin takaicin, ba sai an je wata ƙasa neman misali ba. Ƙungiyar WOFAN, wadda Hajiya Salamatu Garba ta kafa a Kano a 1993, ta kama mata ne ta sana'ar da ke hannunsu, gyaran shinkafa da gyaɗa, ba ta jira sun mallaki fili ba.

Masu kare tsarin suna da abin cewa. Mai ba da kuɗi dole ya san inda kuɗinsa ya shiga, kuma ba a miƙa asusun banki ga wanda ba ya iya karanta rasit. Akwai ciyamomin da ke zuba wa babur mai daga aljihunsu suna zarya sakatariya don jama'a. Na yarda. Sai dai wannan hujja ce ta ɗaukar magatakarda mai ilimi, ba ta barin mutum ɗaya ya tsufa a kujera ba. Haka nan masu cewa maganin shi ne a miƙa kuɗi ga 'yan gida, suna tuna alkawarin Istanbul na 2016 na ba ƙungiyoyin cikin gida kashi 25 cikin ɗari na kuɗin agaji, wanda aka kasa cikawa. Ko an cika, ɗan gidan da zai karɓa shi ne mai littafin nan.

Ana son kiran famfon sola da manhajar waya sabon salo. Sabon salon da Watari ke jira ya fi haka araha: a karanta sunayen masu karɓa da ƙarfi bayan sallar Juma'a, a sa wa ciyaman wa'adi, kowa ya zuba kuɗin wata ko kaɗan ne kamar yadda mata ke zubin adashe, ma'ajiya ta fito daga cikin masu turara shinkafa.

Asarar da ta fi damuna ba ta shiga rahoto. Yashe kwalbati a da aikin gayya ne. Yanzu a wurare da dama ka kira mutane, tambayar farko ita ce nawa ne alawus. Toshewar kuma na ƙarshen layi take fara kashe wa tumatir.