Kwalba ko Kati: Ta Wace Hanya Magani Zai Shiga Cikin Yaro?

Yaro ɗan shekara biyu ba ya iya haɗiye ƙwaya. Wannan 'yar matsala ta daɗe tana wahalar da masu binciken harhaɗa magunguna, domin gano maganin da ke kashe cuta rabin aiki ne kawai. Sauran rabin shi ne yadda za a kai shi cikin yaro daidai gwargwado, bai lalace a hanya ba, bai kuma taho da wata cutar ba. Hanya biyu ce a gabanmu yau. Akwai sirop, maganin ruwa na kwalba da kowace uwa ta sani, akwai kuma ƙwaya mai narkewa da ake ɓallowa daga kati a jefa a ɗan ruwa.

Sirop ya samu karɓuwa bisa dalili. Yana da zaƙi, yana da launi, kuma likita na iya cewa a ba wannan jariri mililita 2.5, a ba yayansa 7.5, duk daga kwalba ɗaya. Ga jariri sabon haihuwa, wanda ɗan kuskure a awo ke iya zame masa illa, har yanzu da wuya a samu abin da ya kai maganin ruwa. Uwa kuma idan ta fito daga kemis da kwalba a hannu tana jin cewa lallai ta sayo wa ɗanta magani.

Sai dai abin da ke cikin kwalbar nan, kaɗan ne daga cikinsa magani. Farasitamol, alal misali, ba ya narkewa sosai a ruwa, don haka sai kamfani ya nemi wani ruwan da zai ɗauke shi, yawanci gilisirin ko furofilin gilaikol. Su biyun nan suna da wani ɗan'uwa mai kama da su, shi ma ba shi da launi, shi ma yana da zaƙi, ya kuma fi su araha: dayetilin gilaikol, wanda ake amfani da shi a man birki da sauran kayan masana'antu. Idan ya shiga jiki, hanta na juya shi zuwa wani sinadari mai lalata ƙoda. Yaro zai fara da amai da ciwon ciki, sai fitsari ya ragu, sai ya ɗauke gaba ɗaya. Abin takaicin shi ne alamun farko sun yi kama da ciwon da ake yi wa magani, saboda haka uwa sai ta ƙara masa wani cokalin.

A 1937 kamfanin Massengill na jihar Tennessee a Amurka ya narkar da maganin salfa a cikin wannan guba, ya ƙara masa ƙamshin 'ya'yan itace, ya sa a kasuwa ba tare da ya gwada ko a kan ɓera ba. Mutum sama da 100 suka mutu, da yawansu yara. Cikin waɗanda suka yi gwajin da ya tabbatar cewa laifin na ruwan ne, maganin kansa lafiyarsa lau, akwai wata matashiyar ɗaliba a Jami'ar Chicago, wadda duniya ta sani daga baya da suna Frances Kelsey, matar da ta hana maganin talidomayid shiga kasuwar Amurka a farkon shekarun 1960. Dokar 1938 da ta tilasta wa kamfanoni nuna amincin magani kafin su sayar, daga wannan rashi ta fito.

Da a ce nan labarin ya tsaya, da sai mu bar shi ga masu tarihi. A 1990 yara 47 suka rasu a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos bayan sun sha sirop ɗin farasitamol mai wannan guba. An kafa NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya, a 1993, amma a ƙarshen 2008 sai ga My Pikin, maganin fitar haƙori da aka haɗa a Legas, ya kashe yara 84, har da na jihar Kaduna. A 2022 yara kimanin 70 suka mutu a Gambiya ta dalilin magungunan tari da mura guda huɗu na kamfanin Maiden na Indiya, a shekarar kuma Indonesiya ta rasa fiye da 200. A 2023 Kamaru ta ga nata da wani sirop mai suna Naturcold. Shekara tamanin da shida, guba ɗaya, hanya ɗaya. Dalilin maimaituwar ba ɓoyayye ba ne: gangar furofilin gilaikol kan bi ta hannun dillalai da yawa kafin ta isa masana'anta, ido ba ya bambance ta gari da ta jabu, na'urar da ke bambancewa kuma tana da tsada. Kamfanin da ya yarda da takardar da ke manne a jikin ganga bai gwada ba, ya sa ran yaran mutane a caca.

Gaskiya dai, mafi yawan kwalaben da ke kanti lafiyarsu ƙalau, kuma wasu, kamar garin amoksisilin da ake zuba wa ruwa a gida, ba su da wannan haɗarin. Amma su ma da nasu. Ana so a tafasa ruwa ya huce, a zuba daidai layin da ke jikin kwalba, a ajiye a wuri mai sanyi, a zubar da ragowar bayan kamar mako guda. A watan Afrilu a Sakkwato ko Maraɗi, a gidan da firji ya koma ma'ajiyar kwanuka, ina wurin sanyin yake? Ragowar kuwa ba a cika zubarwa ba, ana ajiye wa ƙane. Sannan maganin yakan kwanta a gindin kwalba, idan ba a girgiza ba sai na kwanakin farko ya zama ruwa-ruwa, na ƙarshe ya yi kauri fiye da kima. Ga kuma maganar cokali. Likita idan ya ce cokali ɗaya, mililita 5 yake nufi, amma cokulan shayi na gida wani bai kai rabin wani ba. Murfin awon da ya zo da kwalba yakan ɓata a rana ta biyu, yaro ya yi wasa da shi.

Wannan ne ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, bayan ta ƙaddamar da yeƙuwar samar da magunguna daidai da yara a 2007, ta karkata ga ƙwaya mai narkewa. Dabarar mai sauƙi ce a ido, ko da yake ta ci wa masu bincike lokaci. Ana cuɗa maganin da wani gari mai kumbura da zarar ya ji ruwa, sai ƙwayar ta wargaje cikin minti uku ko ƙasa da haka. Ana lulluɓe ɗacin da ɗanɗano mai daɗi. Babu gilisirin, babu firji, babu awo. Kowace ƙwaya awonta na jikinta tun daga masana'anta. Yaro mai limoniya ɗan wata 2 zuwa 12 ƙwaya ɗaya ta amoksisilin mai miligiram 250 safe da yamma, ɗan shekara 1 zuwa 3 ƙwaya biyu, ɗan 3 zuwa 5 ƙwaya uku. Ma'aikaciyar lafiya ta ƙauye za ta iya riƙe wannan a ka, kakar yaro ma za ta iya. Idan babu tsabtataccen ruwa a kusa, uwa na iya tatsar nono a cokali ta narkar a ciki.

Mutanen arewa sun riga sun san irin wannan ƙwaya ko da ba su lura ba. Ita ce masu bi gida-gida ke rabawa duk wata a damina don rigakafin zazzaɓin cizon sauro ga yara 'yan wata 3 zuwa shekara 5, shirin da Hukumar ta ba da shawararsa ga ƙasashen Sahel a 2012. A shekarun farko ƙwayar ba mai narkewa ba ce. Sai an daka ta an haɗa da sukari, ɗacin amodiyakwin da ke cikinta kuma ya sa yara suna tofarwa ko su amayar. Da mai narkewa ta zo, aikin da ke ɗaukar kokawa da kuka ya koma na minti biyu. Haka zinc na gudawa yake, haka Coartem na yara, maganin zazzaɓin cizon sauro da ya fito a 2009. Misalin da ya fi taɓa ni shi ne na yara masu ɗauke da cutar HIV. Shekaru da yawa sirop ɗin da ake ba su yana da ɗaci mai tsanani, yana buƙatar sanyi, kuma kusan kashi 42 cikin 100 nasa barasa ce, domin da ita ake narkar da maganin. Tun 2021 aka fara maye gurbinsa da dolutegirabir mai narkewa, mai ɗanɗanon sitiroberi, Najeriya na cikin ƙasashen farko da suka karɓa.

Ƙwayar ma tana da inda take gazawa. Abin da ke sa ta narke da sauri shi ne ke sa ta tsoron laima, don haka idan aka ɓallo ta daga kati aka ƙulle a leda, kamar yadda wasu masu kemis ke yi idan mai saye bai da kuɗin kati guda, kafin gobe ta yi laushi. Idan aka cika kofi da ruwa, yaro ya sha rabi ya ƙi sauran, rabin magani ya tafi. Abin da ya manne a gindin kofi ma magani ne, sai an ɗan ƙara ruwa an ɗauraye an ba shi. Haɗarin da ya fi damuna shi ne mutane su ɗauka kowace ƙwaya ana iya jiƙa ta. Akwai waɗanda aka ƙera don su riƙa sakin magani a hankali tsawon yini, idan aka murƙushe su sai na yini guda ya afka wa jiki a lokaci ɗaya. Kuma ƙwaya mai narkewa ba ta hana jabu, mai buga kwalbar ƙarya zai iya buga katin ƙarya.

Duk da haka, idan aka ɗora su a sikeli, ni dai ƙwaya nake bi ga duk yaron da ya wuce watannin farko. Kurakuran da ake yi da ita a gaban idon uwa suke faruwa, kuma bayani na minti ɗaya a bakin tagar karɓar magani yana gyara su. Babban kuskuren sirop kuwa yana faruwa a cikin ganga, a wata ƙasa, watanni kafin kwalba ta iso, inda uwa komai kularta ba ta da abin yi. Magungunan tari da na haƙori da suka kashe yara a Najeriya da Gambiya, yawancinsu ma ba magunguna ne da yaran ke buƙata ba, domin likitocin yara sun daɗe suna cewa sirop ɗin tari ba ya amfanar ƙananan yara, zuma cokali ɗaya ga wanda ya haura shekara guda ta fi shi. Abin da ya rage wa ƙwayar shi ne sabo. Likitoci da yawa hannunsu ya saba rubuta sirop, ƙananan kemis ba kasafai suke ajiye amoksisilin mai narkewa ba, uwa kuma ba za ta tambayi abin da ba a taɓa nuna mata ba.