Ƙarin Ɗaki Da Gyaran Gida: A Yi Lissafi Kafin A Haƙa Harsashi

Jama'a, duk wanda ya leƙa birni a 'yan shekarun nan ya ga yadda wurin kwana ya yi wuya. Mutane suna ƙaruwa, fili kuwa ba ya ƙaruwa. Gonakin bakin gari a Kano da Kaduna da Sakkwato an yanka su fuloti-fuloti. Kuɗin haya yana ta hawa. Wannan matsi bai tsaya a birni ba. Ya iso garuruwan bakin titi da ƙauyukan da ke kusa da birni.

Saboda haka magidanta da yawa sun haƙura da sabon gida. Idan ɗa ya isa aure, sai a ƙara masa ɗaki a gidan uba. Wani ya gyara tsohon ɗaki ya sa ɗan haya. Wani ya fasa zaure ya fitar da shago. Dabara ce mai kyau, don ba sai an sayi fili ba. Amma sau da yawa kuɗi sukan ƙare gini bai kai rufi ba. Damina ta zo ta sami kango a buɗe. Ga bashi, ga ranar biki ta matso. Abin da muke so mai karatu ya kauce wa ke nan.

Me ya sa kayan gini suka yi tsada?

Dalili na farko shi ne mai. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya ce an janye tallafin man fetur. Kafin ranar, litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. A watan Oktoba na 2024 ta wuce naira 1,000. Man gas na manyan motoci kuwa ya riga ya yi tsada tun 2022. Siminti daga nesa yake zuwa: daga Obajana a Jihar Kogi, ko Kalambaina a Sakkwato, ko Ashaka a Gombe. Yashi da tsakuwa ma tifa ce ke kawo su. Duk kuɗin da direba ya biya a gidan mai, a kan mai gini yake ƙarewa.

Na biyu shi ne faɗuwar naira. A watan Mayu na 2023, dalar Amurka ɗaya tana wajen naira 460 a banki. A Fabrairun 2024 ta wuce naira 1,500. Kayan gini da yawa daga waje ake shigo da su, ko kuma kayan haɗa su ne daga waje. Da dala ta tashi, sai su ma suka tashi.

A wannan wata na Fabrairun 2024, buhun siminti mai kilo 50 ya wuce naira 10,000 a wurare da dama. Har sai da Gwamnatin Tarayya ta zauna da kamfanonin Dangote da BUA da Lafarge. Aka yi matsaya a kan naira 7,000 zuwa 8,000, gwargwadon nisan wuri. Daga lokacin farashi ya yi ta hawa da sauka. Don haka kada ka yi lissafi da farashin da maƙwabcinka ya saya bara. Je kasuwa ka tambaya da kanka, a shago biyu ko uku.

Na uku shi ne ladan ma'aikata. Birkila da kafinta da lebura su ma masu iyali ne. Abinci ya yi tsada, dole ladansu ya ƙaru. Bayan haka, kowa da rani yake gini. Gwanin magini yana da masu jiransa, shi ya sa ba ya sassauta kuɗinsa.

Lissafin ɗaki ɗaya

A ce ɗakin da za ka ƙara ƙafa 12 ne tsawo, ƙafa 12 faɗi, tsayin bango ƙafa 10. Bango huɗu za su ci bulo wajen 430. Idan aka cire wurin ƙofa da taga ɗaya, saura wajen 400. Ban da bulon da zai shiga cikin harsashi.

To, idan ɗakin zai jingina da bangon da ke nan, bango uku kawai za a gina. Bulo wajen 300 ya isa. Mu yi misali. A ce bulo ɗaya naira 500 ne. Bulo 400 ya kama naira 200,000. Bulo 300 ya kama naira 150,000. Ka ga an sami rarar naira 50,000. Amma fa sai tsohon bangon yana da ƙwari. Idan ya tsage ko gindinsa ya zaizaye, kada a ɗora masa kaya.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ƙirga bulo da siminti kawai, a ce an gama lissafi. Bango rabin aiki ne. Ɗauki littafi da biro, ka zauna da magini, ka rubuta waɗannan: haƙar harsashi, yashi, tsakuwa, rodi na linta, katako, ƙusa, kwano, ƙofa, taga, daɓe, filasta, silin, da ladan kowane ma'aikaci. Bandir ɗin kwano falle 20 ne, sai kafinta ya faɗa maka falle nawa ɗakin zai ci. Kada ka manta da kuɗin dako da kuɗin ruwa. Inda babu rijiya kusa, 'yan garuwa kaɗai sukan ci kuɗi masu yawa.

Idan ka tara jimla, ƙara kashi ɗaya cikin goma a kai. Wato a kan kowace naira 100,000 ka tanadi ƙarin naira 10,000. Wannan na abin da ba a zata ba ne.

Gyara ya fi sabon gini ɓoye kuɗi

A sabon ɗaki kana ganin komai tun daga ƙasa. A tsohon gida kuwa sai an buɗe ake sanin ciwon. Ka yi niyyar canja kwano falle biyar, da an ɗaga sai a tarar gara ta cinye katako. Ka yi niyyar filasta, da an kankare sai a ga danshi ya ci gindin bango. Saboda haka mai gyara ya tanadi ƙarin kashi ɗaya cikin biyar. Kafin a yi ciniki, a sa kafinta ya hau ya duba katako, magini kuma ya duba gindin bango.

Gyara ma yana da tsari. A fara da inda ruwa ke shiga, wato rufi da indararo da magudana. Sannan bango. Fenti da ado su ne na ƙarshe. A kuma lura, filastar siminti a kan bangon ƙasa takan tsage ta ɓamɓare. Ruwa ya shige ta baya, bango yana lalacewa ba a gani. Yaɓen ƙasa a kan kari ya fi filastar da ta buɗe baki.

Inda za a rage, da inda ba za a rage ba

Ana iya rage kuɗi ta hanyoyi da dama. 'Yan gida su haƙa harsashi, su ɗebo ruwa, su miƙa bulo. Silin da fenti suna iya jira sai baɗi. Ginin ƙasa ma ba abin rainawa ba ne. Idan aka ta da harsashi da dutse ko bulo har ya ɗara ƙasa, aka ɗora tubali mai kyau, aka rufe da kwano mai dogon baki, ɗakin zai daɗe. Ya kuma fi na bulo sanyi da bazara.

Amma akwai inda ragi yake jawo asarar rai. Kada a rage zurfin harsashi. Kada a rage rodi a linta. Kada a ɗora bene a kan harsashin da ba don bene aka yi shi ba. Kada a sayi bulo don arha kawai, araha ba ta ado. Murza gefensa da hannu. Idan yana zubar da yashi, simintinsa bai isa ba. Sabon bulo da kankare suna son a riƙa ba su ruwa kwana 7, kuma sai sun yi kwana 28 suke cika ƙarfi.

Mai tara kaya sannu a hankali ya fara da kwano da ƙofa da taga da bulo. Siminti shi ne na ƙarshe, don ba ya son ajiya. Danshi yana daskarar da shi, kuma idan ya wuce wata uku ƙarfinsa yana raguwa. In an ajiye shi, a ɗora a kan katako, nesa da bango.

Haƙƙin mutane da doka

Idan gidan gado ne da ba a raba ba, nemi yardar sauran magada a gaban shaidu. In ba haka ba, ranar rabo ɗakin da ka kashe wa kuɗi yana iya zama abin rigima. Ɗan haya kada ya gyara komai sai sun rubuta yarjejeniya da mai gida, a san ko za a cire kuɗin daga haya. A birni ana neman izinin hukumar tsara gari kafin a yi gini. A Kano sunanta KNUPDA. Wanda ya ci hanya ko ya toshe kwata yana iya wayar gari a rushe masa.

Kada a cinye tsakar gida duka da ɗakuna. Cunkoso da rashin iska suna taimaka wa sanƙarau da tarin fuka su yaɗu. Kowane ɗaki ya sami taga. Idan za a haƙa sabon masai, ya yi nisa da rijiya, kamar mita 30.

Da magini kuma a yi magana a fili: jinga ce ko ladan yini? Idan jinga ce, a rubuta. A biya kashi-kashi: bayan harsashi, bayan linta, bayan rufi. Kada a ba da kuɗin aiki duka tun farko.

Lokacin da ya fi dacewa a fara shi ne bayan kaka, don a rufe ɗaki kafin ruwan farko. Amma kada gini ya sa ka kwashe rumbu. Hatsin da ka sayar da arha da kaka, da tsada za ka saye shi da damina. Gona da shanun huɗa kuwa su ne ke ciyar da masu kwana a ɗakin. Idan lissafi ya nuna kuɗinka ba za su kai rufi ba, rage girman ɗakin, ko ka tara kaya bana ka gina baɗi. Sannu ba ta hana zuwa. Allah Ya ba kowa wurin zama mai albarka, amin.