Lambobin Bayan Ɗigo: Inda Masu Koyon Harshen Kwamfuta Kan Yi Tuntuɓe

Tun ranar 1 ga watan Janairu, 1973, da Nijeriya ta bar fam da sule ta koma Naira da Kobo, ko ɗan firamare ya san lamba biyu ce ke bin bayan ɗigo wajen rubuta kuɗi. Naira goma da Kobo hamsin 10.50 ake rubuta ta. Ita kuwa kwamfuta ba ta san wannan al'ada ba sai an gaya mata, kuma kowane harshe nata da irin hanyar da ake gaya mata.

Wanda ya fara koyon Python ko JavaScript, idan ya ce a tara masa 0.1 da 0.2, sai ya ga an ba shi 0.30000000000000004. Injin lafiyarsa lau. Dalili shi ne da sifiri da ɗaya kaɗai yake ƙirga, a irin wannan lissafi kuwa ɗaya bisa goma ba ta da ƙarshe, kamar yadda ɗaya bisa uku takan zama 0.3333 har illa masha Allahu a namu lissafin. Tilas ya ajiye abin da ya fi kusa.

Tun a FORTRAN, wanda kamfanin IBM ya fitar a 1957, aka tanadi magani. Idan mutum ya rubuta F8.2, ya keɓe wa lamba gurbi takwas ke nan, biyu daga ciki bayan ɗigo. In ta fi ƙarfin gurbin sai a cika shi da taurari. A harshen C %.2f ake rubutawa, Python ta gaji kusan haka, JavaScript kuwa toFixed(2) take so. Haddace waɗannan bai fi aikin yini guda ba.

Abin da yake ba sabon shiga wuya, har ma da waɗansu da suka daɗe a sana'ar, shi ne gane cewa duk waɗannan riga kawai suke sa wa lamba. Ainihinta na nan a ciki da doguwar wutsiyarta. A raba Naira 100 ga mutum uku, takarda za ta nuna 33.33 sau uku, jimla kuma 100.00. Akawu ya tara da alƙalami ya sami 99.99, sai a shiga neman Kobo ɗaya wanda ba kowa ya ci ba. Shi ya sa masu hattara kan ƙirga kuɗi da Kobo zalla, watau 1050 maimakon 10.50, ba sa sa ɗigo sai lokacin bugawa. A ganina wannan ce dabarar da ya kamata malamai su fara koyarwa.

Akwai kuma kuskuren da ya fi wannan muni, watau a datse wutsiyar ainihin lambar a ci gaba da lissafi da guntun. Haka ya faru a kasuwar hannun jari ta birnin Vancouver a ƙasar Kanada. A watan Janairu na 1982 suka kafa ma'aunin darajar kasuwa a kan 1000.000. Duk lokacin da aka yi ciniki sai kwamfuta ta sake lissafi, wajen sau dubu uku a yini, kowane karo kuma takan bar lamba uku bayan ɗigo ta yar da saura, maimakon ta cika zuwa mafi kusa. Abin da ake zubarwa bai kai ɗaya bisa dubu ba, amma kullum ƙasa yake ja.

Wata 22 aka yi ma'aunin yana ramewa alhali ciniki na tafiya daidai. A ƙarshen watan Nuwamba na 1983, ranar wata Juma'a, aka tashi kasuwa yana kan 524.811. Da aka sake lissafin tun daga farko aka buɗe ranar Litinin, sai ga shi a kan 1098.892.